Injiniya da Harafin da Ya Mutu

A gidan hayar nan mai bene, wanda tela ke da shago a damar ƙofarsa, mai sayar da magani ke hagu, akwai wani mutum da kowa ke kira Injiniya. Ba makaranta ce ta ba shi sunan ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana masinja a wani ofishi mai kwamfuta arba'in, kuma duk ranar da aka kira mai gyara, shi ne ke riƙe masa tocila. Da ya bar aikin sai ya dawo gida da sukundireba guda, da filasha a rataye a wuya, da cikakken yaƙinin cewa duk abin da mai gyaran nan ya sani ya shige shi ta hannun da ke riƙe da tocilar. Tela ne ya fara kiransa Injiniya don tsokana. Ya amsa, bai kuma daina amsawa ba.

Ƙanwar matarsa tana zaune a ɗaki ɗaya a saman benen. Malamar makaranta ce, sabuwar ɗauka, wata uku aka ba ta na gwaji, kuma watan na uku ya kusa ƙarewa. Mako biyu ta yi tana buga tambayoyin jarrabawar aji uku a tsohuwar kwamfutarta ta tebur. Shugabar makarantar ta ce za ta biyo ta gidan ranar Asabar da ƙarfe huɗu ta karɓa, domin Litinin da sassafe za a kai wurin bugawa. Malama ta san shugabar ba ta da yawan magana, ta kuma san waɗanda aka ɗauka tare da ita biyu an riga an sallame su sun koma gida.

Da safiyar Asabar ɗin ta sauko tsakar gida riƙe da wayarta, ta nuna wa yayarta hoton allon kwamfutar. Saura tambaya goma ta gama, amma harafin a ya daina fitowa. Inda ta rubuta “Amsa tambaya biyar” abin da ya fito shi ne “ms tmby biyr”. Ta ce za ta kai wa mai gyara a bakin titi kafin rana ta yi.

Injiniya yana zaune yana shan shayi ya ji. Ya ajiye kofin a hankali.

Shi ya san abin da ya sami harafin. Makullin ɗakin Malama na biyu a wurin matarsa yake, a rataye bayan ƙofa, kuma wata biyu ke nan duk ranar da Malama ta tafi makaranta, matarsa ta tafi kasuwa, sai ya hau sama ya yi wasan tseren mota. A wasan nan harafin a ne ke karkatar da mota hagu. Ranar Alhamis, a wata muguwar kwana, ya danna shi da babban yatsa iya ƙarfinsa, ya ji wani abu ya ce ƙas. Ya lallaɓa ya ƙarasa tseren, ya kashe kwamfutar, ya gyara zaman kujera, ya sauko. Yanzu in aka kai ta wurin mai gyara, mai gyara zai yi bincike, kuma masu gyara suna da baki.

Don haka ya miƙe ya ce abin kunya ne a ce yana cikin gida a ɗauki kwamfuta a kai wa bare. Ya ce yau ma dama ya yi niyyar nuna wa mutanen gidan nan abin da suka daɗe suna zaune da shi ba su sani ba, kuma daga yau duk mai kwamfuta a layin nan ya huta da zuwa bakin titi.

“Yaya, harafi ɗaya ne fa,” in ji Malama.

“Yau ɗaya ne. Bairos ne, ƙanwata, irin mai cin haruffa. Daga farko yake somawa. Ya cinye a, gobe b, jibi c. Kafin ƙarshen wata sai dai ki riƙa ba yara jarrabawa da lambobi.”

Matarsa ta dube shi, ta dubi ƙanwarta, ta ce ita dai wanki za ta yi.

Ya ce ɗakin Malama ba haske, aikin ƙwararru kuma ba a yin sa a duhu. Gaskiyar ita ce a sama ba mai ganinsa. Ya sauko da akwatin kwamfutar, da allon, da kibod, da lasifika biyu da ba wanda ya ce ya ɗauko, ya jera su a kan teburin yankan tela da ke tsakar gida. Tela ya ce akwai farin yadi a gefen teburin, na mutane ne. Injiniya ya ce kwamfuta ba ta zubar da mai.

Ya cire filashar daga wuyansa ya zuba wa kwamfutar maganin bairos. Da ya ga ba a sami a ba ya zuba na biyu, sannan na uku, ya ce ai ko likita in ciwo ya yi tsanani haɗa magunguna yake yi. Mai magani, wanda ya leƙo daga shagonsa, ya ce ya danganta da likitan. Manhajojin uku kowacce ta fito da jan rubutu tana cewa sauran biyun ne cutar. Kwamfutar ta yi nauyi, in ka motsa maus sai ka je ka sha ruwa ka dawo kafin kibiyar ta motsa. Injiniya ya harɗe hannu ya ce a bar su, kokawa suke yi a ciki, kuma wanda ya yi nasara shi ne na gaskiya.

Ƙarfe goma sha ɗaya ba wanda ya yi nasara. Sai ya kashe ta ya ɗauko sukundireba.

Malama ta ce ciwon a kibod yake, me ya kai shi akwati. Ya tambaye ta in kanta na ciwo a kai ake yi mata allura. Bai jira izininta ba. Ya kwance sukuru goma sha ɗaya ya zuba a faranti, ya buɗe murfin, ya leƙa ciki ya girgiza kai irin yadda ya ga mai gyaran ofis yana yi. Ya ce an yi sakaci da wannan kwamfuta. Ya cika kumatunsa da iska ya hura. Ƙurar shekara shida ta tashi, rabi ta sauka a fuskarsa, rabi a kan farin yadin.

Tela ya ɗaga yadin ya duba shi a rana. Ya naɗe shi ya shiga shago, aka ji kekensa ya soma gudu da ƙarfin da ɗinkin bai buƙata ba.

Injiniya ya zaro wasu siraran katuna biyu kore daga cikin akwatin, ya sanar da cewa waɗannan su ne memori, nan kwamfuta ke tuna abubuwa. Ya goge su a wandonsa, ya ɗaga ɗaya ya hanga ta rana ko zai ga inda harafin ya maƙale. Ya mayar da su ta inda ya ga sun fi kyau. Ɗaya ya ƙi shiga, ya taimaka masa da gindin sukundireba.

Daga nan ya koma kan kibod, ya ce tun farko dama shi ya san can ne, yana dai kawar da sauran zato ne ɗaya bayan ɗaya. Ya ɓamɓare madannan duka, ya zuba su a ƙaramin baho, ya sa ruwa da garin sabulu. Ya tsoma jikin kibod ɗin ma a ciki, ya ce ba a wanke riga a bar wuya. Ya bar su su jiƙa, ya tafi shagon mai magani yana yi masa bayanin yadda ya taɓa ceto kwamfutar wani darakta da hannu ɗaya alhali ɗaya hannun na riƙe da tocila.

Yana can matarsa ta zo neman bahonta. Ta ga ruwan kumfa baƙi ƙirin, ta cire abin da ta gani a sama, ta kwara sauran a magudana. Da ya dawo ya durƙusa ya tsince abin da ya tsinto. Madannai shida sun tafi, har da a.

Malama ta tsaya a kansa. Ya ce ai wannan ma sauƙi ne, wanda ya kamu da cutar ya fita daga cikin masu lafiya.

Ya aro na'urar busar da gashi ta matarsa, ya kunna ta a mafi zafi, ya kafa wa kibod ɗin. Dogon madannin ƙasa ya lanƙwashe kamar ayaba. Da ya zo mayar da sauran sai ya tarar bai tuna inda kowanne yake ba. Sai ya ce dama masu ƙera abin nan sun jera haruffan a hargitse, ba mamaki suke lalacewa, shi zai jera su yadda ake koya wa yara a makaranta. Ya fara daga b.

Ƙarfe ɗaya da rabi mai magani ya kasa daurewa. Ya ce yana da kwamfuta a shago, wadda yake duba jerin magunguna da ranar lalacewarsu a ciki, me zai hana a ari kibod ɗinsa Malama ta gama tambayoyinta goma. Malama ta ce Allah ya saka masa da alheri. Injiniya ya ce wannan shi ne mataki na gaba a tsarinsa, an dai riga shi faɗa ne.

Aka jona kibod ɗin mai magani, aka danna makunni. Fankar ciki ta juya, allo ya tsaya baƙi, akwatin ya yi ƙara sau uku, tit, tit, tit, ya yi shiru, ya sake.

Injiniya ya saurara da kunne ɗaya. Ya ce alama ce mai kyau, da ba ta magana, yanzu tana yi.

Malama ta zauna a bakin matakala. Ba ta yi kuka ba, ta dai cire gilashinta ta riƙe. Aikin mako biyu yana cikin akwatin nan, kuma ba ta da kwafinsa a ko'ina, domin wata uku da suka wuce Injiniya ya ba ta shawarar kada ta riƙa sa filasha, ita ke kawo bairos. Injiniya ya kalle ta ya ji tausayinta. Da wani ne da a nan ya tsaya. Shi abin da ya ji ya gaya masa ya ƙara himma.

Ya ce wa mai magani yana so ya ga yadda cikin lafiyayyiyar kwamfuta yake, kallo kawai, ba taɓawa. Mai magani yana auna wa wata tsohuwa hawan jini, ya ce to, kallo kawai. Kafin ya cire wa tsohuwar abin awon, Injiniya ya fito da akwatin shagon tsakar gida, ya buɗe, ya zaro katunansa ya sa a na Malama, ya sa na Malama a nasa. Ya kunna su tare. Yanzu akwati biyu ke ƙara, ɗaya na amsa wa ɗaya.

“Ka ce kallo,” in ji mai magani.

“Ai ga shi mun gano. Cutar tana yaɗuwa. Da ba mu gwada ba ina za mu sani?”

Mutum huɗu na jira a shagon magani, kuma mai shagon bai san wane kwali ne ya kusa lalacewa ba sai ya duba kwamfuta. Suka gaji da jira suka shigo tsakar gida su ga abin da ya riƙe shi. Wasu masu wucewa suka ga mutane sun shiga, su ma suka shigo. Injiniya ya ga taro ya gyara tsayuwa. Ya bayyana musu cewa matsalar danshi ce, kuma danshi zafi yake so. Ya sa aka kawo masa dutsen gugar tela. Ya jona shi, da na'urar busar da gashi, da akwatuna biyu, da allo, da lasifika, duk a soket ɗaya da aka jawo ta tagar ɗakinsa.

Aka ji fat. Keken tela ya tsaya a tsakiyar ɗinki. Firjin mai magani ya yi shiru. A sama, rediyon mai gidan, wani tsoho da ba ya saukowa sai da dalili, ya katse ana tsakiyar labarai. Aka ji takun sandarsa a matakala, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Ya iso ƙasa ya dubi teburin, ya dubi hayaƙin da ke fita daga soket, ya tambaya ko wani ya mutu. Aka ce a'a. Ya ce to saura.

A daidai lokacin wata mata ta yi sallama ta shigo, mai matsakaicin shekaru, riƙe da jaka baƙa. Malama na can bayan jama'a ba ta gan ta ba. Injiniya ya ɗauka sunansa ne ya fara zagaya layi. Ya tare ta ya ce baiwar Allah ta yi haƙuri, akwai biyu a gabanta, amma tana iya faɗin abin da ke damun tata kwamfutar.

Matar ta ce ita tata lafiya take. Ta tambaye shi me ya sami waɗannan. Ya yi mata bayani tun daga bairos mai cin haruffa har zuwa danshi, ya ƙara da cewa mai kwamfutar yarinya ce, ba ta san yadda ake riƙe na'ura ba, irin malaman yanzu. Matar ta saurara har ya gama. Ta ɗaga kibod ɗin da ya jera ta karanta, b, c, d, ta ajiye. Ta tambaye shi a ina ya yi karatu.

“A aiki, baiwar Allah. Kwamfuta arba'in.”

“Ni ashirin kawai nake da su a ɗakin da na koyar shekara goma sha tara,” in ji ta. “Malam, ara mini sukundirebanka.”

Sai a lokacin Malama ta kutso ta gaishe da shugabarta. Injiniya ya miƙa sukundireban da hannu biyu.

Shugabar ta zare duk wayoyin daga soket, ta roƙi tsoho ya duba fis, tela ya bi shi da kujerar takawa. Ta naɗe hannun rigarta, ta zaro katunan huɗu, ta raba wa kowane akwati nasa, ta juya wanda aka cusa a baibai, ta danna kowanne har ya ce ƙyas. Wuta ta dawo. Ta kunna na mai magani, ya tashi, mai magani ya rungume shi ya kai shago da kansa. Ta kunna na Malama, ya tashi. Ta cire magungunan bairos biyu ta bar ɗaya. Ta buɗe takardar jarrabawa, komai na nan. Ta danna a a kibod ɗin aro, a ya fito. Duka aikin bai kai kwatan awa ba.

Injiniya ya gyaɗa kai ya ce wa na kusa da shi ai ya riga ya sassauta mata komai.

Da abin ya tsaya a nan, da ya sha. Amma shugabar ta hangi wata jaka a kusurwar allon mai suna INJIN KWAMFUTA KADA A TAƁA. Ta tambayi Malama mene ne wannan. Malama ta ce ita ma ganinta ta yi wata biyu da suka wuce, kuma Yaya ya ce in ta buɗe komai zai goge. Injiniya ya matso ya ce haka ne, zuciyar na'urar ce, shi kansa ba ya kusantarta.

Shugabar ta buɗe.

Lasifikan da ba wanda ya ce a sauko da su suka cika tsakar gida da rugugin mota. Wata jar mota ta bayyana a bakin layi, sannan jerin waɗanda suka fi kowa gudu. Mai magani, da ya dawo ɗaukar wayarsa, ya karanta da ƙarfi don na baya su ji. Na ɗaya INJINIYA. Na biyu INJINIYA. Haka har na tara. Na goma, mai kwanan watan Alhamis da ta wuce, ƙarfe goma sha ɗaya na safe, INJINIY.

Shugabar ta ce a irin wasan nan da harafin a ake juyawa hagu.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Tela ne ya fara, daga kan kujera, har sai da tsoho ya riƙe masa ƙafa. Matar Injiniya ta shiga ɗaki, ta fito da makullin nan na bayan ƙofa, ta sa a hannun ƙanwarta ta damƙe mata yatsu a kai. Injiniya ya ce gwajin sauri yake yi wa na'urar, kowane ƙwararre yana yi. Tsoho ya tambaye shi ko ya ci gwajin. Ya ce sau tara.

Malama ta ja kujera a nan tsakar gida, gaban kowa, ta buga tambayoyinta goma, ta koma ta cike duk inda aka rasa a. Shugabar ta tsaya a bayanta tana karantawa. Da aka gama ta kwashe a filasharta, ta ce tambayoyin sun yi kyau, Malama ta same ta a ofis ranar Litinin su yi maganar zango mai zuwa, kuma daga yau duk abin da ta rubuta ta ajiye shi wuri biyu. Ta yi sallama da kowa. Injiniya ya raka ta har ƙofa yana ce mata in makarantarsu na neman mai duba na'urori lokaci lokaci, shi yana da sarari. Ta ce za ta tuna da fuskarsa.

Kafin magariba tsoho ya tara mutanen gidan ya yanke hukunci. Injiniya zai wanke farin yadin tela da hannunsa, zai kuma hau ya canza soket ɗin da ya ƙone, amma da baki kawai, tela ne zai riƙe kayan aiki. Sukundireban kuwa aka ba mai magani, ya saka shi a ƙaramin kabad mai makulli inda yake ajiye magungunan da ba a bayarwa sai da takardar likita.

Ranar Laraba hannun tukunyar matarsa ya yi sako-sako. Injiniya ya je shagon magani ya tsaya a layi bayan wata mai tari. Da aka zo kansa ya ce sukundirebansa yake so, minti biyu kawai, hannun tukunya ne.

Mai magani ya dube shi ta saman gilashi ya tambaye shi ko ya zo da takarda.

Ya koma gida ya dawo da ita. Matarsa ce ta rubuta, ta sa hannu a ƙasa. Mai magani ya karanta har ƙarshe, ya buɗe kabad, ya naɗe sukundireban a takarda kamar yadda yake naɗe ƙwayoyi, ya miƙa masa.

“Sau ɗaya a rana,” in ji shi, “a gaban babba.”